Dawar Inna a ɗakin waƙar Yaya

Yayana ya dawo daga Khartum da ogan na kiɗa, da makirfo, da rikoda, da kuma tabbacin cewa garinmu Gadarif kaf ba ta taɓa jin murya irin tasa ba. Gaskiyarsa, ba ta taɓa ji ba, Allah ya rufa mata asiri har lokacin.

Ɗakin da ya zaɓa don ɗaukar waƙa na kwano ne, ko tari ka yi sai ya amsa maka. Ga shi zamanin da in ƙarar kiɗa ta tsallake katanga, hukuma na iya zuwa ta tafi da mai kiɗan da kayansa. Sai Yaya ya gano cewa buhu cike da hatsi yana shanye sauti. Dawar da Inna, mahaifiyarmu, ta samo a gonakin Gadambaliya da guminta, abincinmu na shekara, ita ya jera a bango har rufi. Ya liƙe taga da laka, ya toshe ƙofa da katifa.

Inna ta ce, "Ɗan nan, hatsi yana son iska. A bari mu riƙa shanyawa."

Ya ce, "Inna, buhu ɗaya ya motsa, sautin ya lalace. Ku ci na cikin rumbu tukuna."

Wai sauti! Mutumin da in ya ɗaga murya akuyarmu ke barin tsakar gida.

Damina ta sauka, ɗakin ya zama tukunya a rufe, zafi da laima. Shi ko a jikinsa, yana ciki yana zufa yana rera wa wata yarinyar da ba ta san yana yi ba.

Ran nan ya kira ni in saurari kaset, yana zagin mai shagon da ya sayar masa. Wai akwai wani sis-sis a ƙarƙashin waƙar. Na ce ya kashe rikodar. Ya kashe, sis-sis ɗin bai tsaya ba. Daga bango yake fitowa.

Na ɗauko wuƙa na farka buhu guda. Gari ya zubo, baƙi ƙirin da ƙwari. Na biyu ma haka, har na ƙarshe.

Inna ta tsuguna ta damƙi garin a hannu. Lokacin kaka na zuwa, Inna ta ɗaure ƙugu ta bi motar 'yan aikatau zuwa Fashaga yankan riɗi, da furfurarta.

Amma a ranar, muna tsaye cikin ƙwari, abin da Yaya ya ce mini shi ne, "Ke, kar ki ƙara farkawa. Garin ma yana riƙe sauti."