Na Kulle Muryar Ɗanta

Kafin in lalace, mai gyaran kwamfuta ne ni a unguwar Lamisula. Shagona ɗan ƙarami ne, amma ba na rasa na abinci. Aikin da na fi yi shi ne ɗora wa kwamfuta sabuwar babbar manhaja idan tsohuwar ta ƙi tashi.

Wajen ɗora manhajar akwai inda take tambaya: a goge faifan ajiya gaba ɗaya, ko za ka raba shi da hannunka? Nakan zaɓi rabawa da hannu, in yanka faifan gida biyu, manhaja a ɗaya, kayan mai kwamfuta a ɗayan, don kada su salwanta. Akwai kuma wani zaɓi na kulle sashe da kalmar sirri, kullewar da ko wanda ya ƙera na'urar ba zai iya buɗewa ba. Don tsaron mutane aka yi shi. Ni kuwa sai shaiɗan ya nuna mini wata hanya.

Da wani ɗan kasuwa na fara, saboda ya raina mini wayo a ciniki. Na tattara takardunsa a sashe guda na kulle, na ce masa sun lalace, sai an sayo wata manhaja ta musamman kafin su dawo. Ya biya. Na buga kalmata, suka fito, har da godiya ya yi mini. Kai, daga nan abin ya zame mini jiki! Kowa da kalmar da nake ƙirƙira masa, kuma ba na rubutawa, wai kada a samu shaida.

Wata rana wata dattijuwa daga ƙauyen Dusuman, mai suna Ya Falmata, ta zo da kwamfuta naɗe a zani. Ta ɗanta Bukar ce, ɗalibi, wanda ya rasu bayan gajeruwar rashin lafiya.

"Ɗana, ni ban san komai a cikinta ba," in ji ta. "Hotunansa nake so, da karatun Alƙur'anin da yake ɗauka da muryarsa. Ba ni da su a ko'ina."

Wallahi na ji tausayinta, amma hannuna ya riga ya saba. Na raba, na kulle, na ce ta nemo ƙarin kuɗi. Ta ce za ta sayar da tunkiyarta ta dawo.

Kafin ta dawo asirina ya tonu. Wani da na taɓa cuta ya kai kwamfutarsa wajen wani mai gyara, shi kuma ya gane abin da nake yi. 'Yan sanda suka ɗauke ni, alƙali ya tura ni gidan yari. A can na yi kuka, na tuba, na koma ga sallar da na yi sakaci da ita.

Da na fito, gidanta na fara nema. Maƙwabcin shagona ya riga ya mayar mata da kwamfutar. Na durƙusa na faɗa mata gaskiya duka. Da na gama, ta ce, "To buɗe mini, na yafe."

Na kunna, na sa yatsu a kan madannai. Babu. Kalmar ta gudu daga kaina. Na gwada duk abin da ya faɗo mini har la'asar, ita kuma tana zaune a tabarma tana kallon hannuna.

Matasa masu koyon wannan sana'a, ku ji tsoron Allah. Idan za ku kulle wa mutum faifai, shi zai zaɓi kalmarsa, shi zai buga da hannunsa, ku kau da kai. Kada ku taɓa abin da aka ba ku amana, komai ƙanƙantarsa.

Har yanzu nakan je Dusuman in gwada. Ba ta taɓa zagina ba. Idan na yi sallama sai ta ɗauko kwamfutar, ta kwance zanin, ta ce, "Ɗana, yau ka tuna?"