Layukan da Na Miƙe wa Maigidana

Akwai wata Juma'a da ba zan manta da ita ba har in koma ga Mahaliccina. Shekaru sun ja, yaran da nake rakawa makaranta a lokacin duk sun fi ni tsawo, amma ko yau in na ga kwamfuta a buɗe sai gabana ya faɗi.

A unguwar Maamobi muke, a gidan haya mai ɗakuna da yawa da famfo ɗaya a tsakar gida. Mazan gidan da asuba suke ficewa, wasu kasuwar Makola, wasu tuƙin motocin haya da ake kira trotro, ban da maigidana. Shi aikinsa a ɗaki yake, a kan wani ɗan tebur kusa da taga. Wani kamfani ne ya ɗauke shi, masu yi wa masu haɗa manhajojin waya kayan aiki. Kamfanin yana da littafin jagora a intanet mai shafuka barkatai, wanda masu haɗa manhaja ke dubawa su koyi amfani da kayan. Shi ne mai kula da wannan littafi. In linki ya mutu, wato shuɗin rubutun nan da ake dannawa ya kai mutum wani shafi, shi ke nemo inda shafin ya koma ya sake ɗaurawa. In jadawali ya karkace ko kanun magana ya bar wurinsa, shi ke gyarawa. Yakan ce shi ma mai shara ne kamar ni, sai dai tsintsiyarsa ba ta tada ƙura.

Sai ciwon suga ya taɓa masa ido. Da farko girman rubutu ya riƙa ƙarawa, har ya zama kalma uku ke cika allon. Daga baya na riƙa ganin hancinsa dab da gilashin. Na ce ya gaya wa mutanen kamfani, ya girgiza kai. "Uwargida, in suka ji za su ce Allah Ya sawwaƙe, su nemi wani. Bari dai in lallaɓa." Abin da yake tsoro ke nan, kada aikin nan ya kuɓuce masa. Da shi muke ci, kuma shi ne ya sa in ya fita ana kiransa injiniya a unguwa.

Haka na zama idonsa. Na gama sakandare, ina karanta Turanci daidai gwargwado. Da yara sun tafi, na gama wanke-wanke, sai in ja kujera kusa da shi. Ni ke danna linki ɗaya bayan ɗaya ina gaya masa inda ya kai ni. In na ce, "Huɗu, sifili, huɗu," wato lambar da ke fitowa in shafi ya ɓace, sai ya ce, "Wannan ma ya ƙaura bai yi sallama ba. Mu nemo sabon gidansa." Ya koya mini daidaita jadawali, da jera lambobi, da mayar da kanun magana wurinsa. Maƙwabciyarmu mai sayar da wakye, wato shinkafa da wake, takan leƙo ta taga ta ce da irin Hausarta ta nan Zongo, "Ei, madam ofis! Yanzu ka zama sakatare, ko? Ka gaya ma oga ya ƙara maka albashi." Mu yi dariya. Ba ta san dalili ba, ba kuma wanda ya sani a gidan.

A cikin shafukan akwai wasu akwatuna masu ruwan toka da wani irin rubutu a ciki, wanda ake kira kod. Misalai ne da masu haɗa manhaja ke kwafa su saka a nasu aikin. Duk sanda muka iso kansu sai ya ce, "Wuce wannan." Bai taɓa gaya mini dalili ba, ni kuma ban taɓa tambaya ba. Na ɗauka gajiya ce, ko kuma don ba ya ganin yadda suke. Layukansu suna damuna ƙwarai. Wani ya fara daga bakin akwati, na ƙasansa ya shige ciki, na gaba ya ƙara shigewa, kamar matakalar bene. Ni kuwa mace ce da ko tabarma na gani a karkace ba na iya wucewa sai na miƙe ta.

Ranar Juma'ar nan yana da ganin likitan ido da safe, yayansa ya zo ya tafi da shi. Akwai sabon sashe na littafin da dole a tura kafin la'asar, saura shafuka goma sha huɗu da ba a duba linkinsu ba. Ya bar mini kwamfutar a buɗe ya ce in duba su kafin ya dawo. Tun kafin azahar na gama. Sai na zauna ina kallon akwatunan nan. Na ce a raina, bawan Allah ba ya gani, bari in rufa masa asiri. Na fara goge filin da ke gaban kowane layi, ina jawo su duka zuwa bakin akwati. Shafi bayan shafi, ina yi ina salati. Da na gama suka tsaya cak kamar sahun salla. Wallahi daɗi na ji.

Ya dawo bayan an sauko daga masallaci, da baƙin gilashi, an ɗiga masa maganin da ya sa ko hannunsa ba ya gani sosai. Ya lalubi kujera ya zauna. "Linki kawai kika taɓa?" Na ce, "Su kawai, maigida." Nufina in an yaba masa sai in faɗa masa. Ya sa na tura. Akwai abokin aikinsa da ya kamata ya duba kafin a saki, amma shekara da shekaru bai taɓa kama shi da kuskure ba, sai kawai ya amince.

Ranar Litinin da hantsi saƙonni suka fara shigowa, kuma ni ce mai karanta masa. Mutane daga ƙasashe daban-daban suna cewa sun kwafi misalan sun ƙi aiki. Wani ya ce kwana biyu ya yi yana neman laifin a nasa aikin. Maigidana ya ce in buɗe shafin farko. "Layi na biyu a cikin akwatin, fili nawa ne a gabansa?" Na ce babu. "Na uku fa?" Na ce babu. Ya yi salati. A nan ne, a karo na farko, ya yi mini bayani. Wannan filin da nake gani kamar karkata, shi ke gaya wa na'ura wane layi ne ke ƙarƙashin wane. In aka goge shi, misalin ya mutu.

Kafin in buɗe baki sai ya dafe kansa ya ce, "Ni ne. Ranar Alhamis da kika tafi kasuwa na yi aiki ni kaɗai. Na danna wani abu ban gani ba." Ga ƙofa a buɗe in ce masa a'a, ni ce. Na tuna ya tambaye ni na ce linki kawai. Na yi shiru, kuma wannan shirun ne nake neman gafararsa har yau.

Ɓarnar ba ta kai yadda na zata ba. Kafin azahar mutanen kamfani sun mayar da shafukan yadda suke. Shugabarsa ta kira, ko faɗa ba ta yi ba, ta ce kowa na kuskure. Shi ne abin bai sake shi ba. Bayan la'asar ya ce in zauna in rubuta. "Yau fili na goge ban sani ba. Gobe me zan goge? Amanar mutane ce wannan, ba zan ci gaba da riƙe ta a makance ba." Ya riƙa faɗa ina bugawa, takardar barin aiki, ya ce rashin lafiya ce kawai. Da yatsun da suka yi ɓarnar na buga ta. Hawaye na zuba a kan hannuna, shi bai gani ba. Ya ji ina jan hanci ya ce, "Haba uwargida, Allah na nan."

Kwana tara na yi da abin a cikina. Ya daina zuwa kusa da teburin. Sai ya zauna a bakin ƙofa yana sauraren masu ɗibar ruwa. Abin da ya fi tsorata ni, ya fara shakkar kansa a komai. Ya kulle akwati ya dawo ya sake taɓawa. Ya sha magani ya tambaye ni ko ya sha. A rana ta tara ya idar da sallar la'asar a ɗaki, ya juyo ya ce, "Raka'a nawa na yi? Ina jin ba idon kaɗai ba ne, kan ma ya fara tafiya." Mutumin da ya haddace shafukan littafin nan kamar sunayen 'ya'yansa.

Na durƙusa a gefen sallayarsa na gaya masa komai. Can ya ce, "Miƙe su kika yi?" Na ce e. "Duka goma sha huɗun?" Na ce e. Ya sauke wani dogon numfashi ya ce, "Alhamdu lillahi. Ashe kaina lafiya." Bai ƙara ko kalma ba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Washegari ya kira shugabar ya gaya mata gaskiya duka, har maganar idon da zamana a kan aikinsa. An riga an ba wani gurbin. Ta ce masa da tun farko ya faɗa, akwai manhajar da ke karanta wa mutum abin da ke allo, har filin gaban layi tana ƙirgawa, da sun nema masa. Ina tsaye ina ji. Da ya ajiye wayar ya ce, "Na ɓoye musu, kin ɓoye mini. Mun yi kunnen doki. Na yafe miki, ke ma ki yafe mini, da ban gaya miki dalilin da nake cewa ki wuce akwatunan nan ba."

Bai sake samun irin aikin ba. Ya gwada koyon manhajar, amma ciwon ya riga ya ci ƙarfinsa. Na fara dama koko a ƙofar gida, a kan teburin nan nasa nake jera kofuna. Bayan shekara huɗu Allah Ya karɓi abinsa. Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka kabarinsa.

Abin da na koya shi ne, ba duk abin da na gani a karkace ne yake jiran hannuna ba, wani haka mai shi ya ajiye shi da dalili, tambaya ɗaya ta isa. Amma wannan ƙaramin darasi ne. Layukan da na ɓata an gyara su kafin azahar. Abin da bai gyaru ba shi ne abin da shiruna ya jawo. Shi ya sa nake gaya wa 'ya'yana, in kun yi ɓarna ku faɗa tun da zafinta, kafin wani ya ɗauki laifin ya ɗora wa kansa.