Hajiya Zalika, Wadda Ta Hana Akuna Shiga Ɗakinta

Kafin a ɗaga ƙofar shago ko ɗaya a titin Huanshi Lu, Hajiya Zalika ta riga ta buɗe tagoginta a hawa na shida. Tana sallame asuba sai ta bi kejuna ɗaya bayan ɗaya, ta wanke kwanon ruwa, ta zuba gero, ta duba idon kowane tsuntsu, ta duba kashinsa. Maguna suna ɗakin baya, ƙofa a kulle. Shekara takwas ke nan wannan baiwar Allah 'yar Maraɗi tana riƙe wa 'yan kasuwarmu na Guangzhou dabbobinsu in tafiya ta kama su. Ƙarshen watan nan za ta koma gida, shi ya sa na ce sai na yi magana.

Ni Alhaji Tankari ban zauna a aji ba, a jikin kwalayen kaya na koyi rubutu. Amma na ƙetare Sahara a bayan akori-kura, gobara ta cinye mini shago sau biyu na miƙe, kuma tun da nake ba a taɓa ce mini a'a na haƙura ba. Sai ita.

Tana da wani benci a bakin ƙofarta. Duk dabbar da aka kawo, a nan za ta tsaya a duba ta, ko ta wane ce. Dogara mai wandunan jins na Xintang shaida ne. Ya taɓa kawo mata karen wani abokin cinikinsa, karen na ta haƙilon cizo, ga 'ya'yan maƙwabta na wasa a matakala. Ta ce masa "meyo", wato "babu" a bakin 'yan Sin. Tun ranar muke kiranta Hajiya Meyo.

Bara, da wasannin Olamfik na ƙasar Sin suka matso, biza ta yi wuya, kowa ya kama hanyar gida. Keji goma sha huɗu suka taru a wurinta. Saura kwana uku jirgina ya tashi na hau benen nan da akuna, Lauban, abokin hirata na shekara biyar, da ƙunshin kilishi a hannu.

Ta ɗora kejin a benci, ta daɗe tana kallo. Gashin akun a tashe, hanci na ruwa.

"Baba Alhaji, tsuntsun nan ba shi da lahiya."

"Kewata yake yi tun kafin in tafi. Buɗe ƙofa, 'yata."

"Ba zai shiga ba."

"Ni? Ni da na kwana tara a hamada da jarka ɗaya?"

"Na sani, Baba, ka gaya mini sau goma. Amma ciwon nan bai san hamada ba. Mutum goma sha huɗu suka ba ni amana suka tahi. In ya shiga, wa zan kalla in ce masa tsuntsunka ya mutu don na ji kunyar dattijo?"

A wurinmu, babba ya hau bene shida da ƙafarsa ya kawo maka amana, ba ka mayar da shi. Ita ma ta san haka. Amma tana tsaye a bakin ƙofar, ba ta gusa ba.

Na ɗauki kejina a fusace. Ban kai hawa na uku ba na ji takalminta a bayana, ta yafo mayafi.

"Ina za ka kai shi? Mu je wurin likitan dabbobi. Kuma mene ne wannan ja a bakinsa?"

"Goro. Tare muke ci."

"Innalillahi! Baba, aku kake ba goro?"

Likitan ya ce ciwo ne mai yaɗuwa, har mutum yana iya ɗauka, goron kuma a daina. Ya riƙe shi a asibitinsa. Na hau jirgi ban yi mata sallama ba. Daga baya Dogara ya gaya mini duk bayan kwana biyu takan je dubiya, in ta dawo sai ta yi wanka ta sake kaya kafin ta taɓa keji ko ɗaya. Sai da likita ya ce ya warke sarai ta kai shi ɗakinta.

Wata uku na yi a Kano. Da na dawo, tsuntsaye goma sha huɗu duk sun koma hannun masu su da rai. Lauban ya yi ɓulɓul. Na gaishe shi, na zaro goro don in gwada shi, sai ya karkata kai ya ce, da muryarta sak, "Meyo!"

Hajiya Zalika, ke ce mai riƙon amanar marasa baki. Ke kika nuna mini wanda yake karɓar komai ba shi ne mai kirki ba. Na gode, Allah ya kai ki Maraɗi lafiya, ya sa ki gama da duniya lafiya.

Ku kuma masu shirin karɓar aikinta, ku fara da benci a bakin ƙofa. In wuri ya cika, in dabba ba ta da lafiya, in za ta cuci wani, ku ce a'a, sannan ku raka mai ita inda ya dace. Ko da Alhaji Tankari ne ya hawo benen da kilishinsa.