Kafintan da Ya Koma Kwaɓa Ƙasa

Abarshi kafinta ne ɗan kafinta. A wani ƙauye kusa da Kuyello aka haife shi, kuma tun bai iya riƙe zarto ba yake bin mahaifinsa daji zaɓen itace. Daga nesa yakan bambance doka da maɗaci. Ƙofofi da gadajen rabin ƙauyen aikin hannunsa ne. Shekarar da 'yan bindiga suka hana noma, ya loda iyalinsa da kayan aikinsa a bayan a-kori-kura, ya shigo Birnin Gwari, ya kama haya a unguwar Magajin Gari.

Unguwar cike take da irinsa, amma tsofaffin ne suka fi tsaya masa a rai. 'Ya'yansu sun bazu neman abinci, wasu Kaduna, wasu wajen haƙar zinare. A ƙauye kowane tsoho yana da inuwarsa da abokan hirarsa. Nan kuwa sai ɗaki mai zafi, da dogon lungu mai gangara, da wani kwari da ruwan sama ya yanka, ya raba gidajen da masallaci da kemis.

Wata rana ya iske maƙwabcinsa Malam Nababa, tsohon manomi mai raunin gani, zaune dirshan a ƙasa tsakiyar lungu yana haki.

"Baba, lafiya kuwa?"

"Lafiya lau, ɗana. Gwiwa ce ta ce a tsaya. Masallaci na nufa, ga shi har an sallame."

Abin ya hana Abarshi sukuni. Katako dai babu, don ba mai shiga daji da zarto yanzu ya tabbata zai fito. Sai ya bi gida-gida yana roƙon duk abin da aka jingine. Wani ya ba shi karyayyen gado, wata ta ba shi tsohuwar ƙofa mai koren fenti, mai shayi ya ba da teburin da ya daina amfani da shi. Ya zare ƙusoshi ya miƙe su, ya goge katakon, ya haɗa bencina. Ya jera su a lungun yadda tsoho zai taka kaɗan ya zauna, ya sake takawa ya zauna. A kan kwarin kuma ya shimfiɗa gada da katakon ƙofar nan mai koren fenti, har da abin dafawa.

Lungun ya canza. Malam Nababa ya koma sallar jam'i. Tsofaffin mata suka kame benci guda, suna ɓarar gyaɗa suna tambayar juna labarin waɗanda aka baro. Abarshi in ya wuce sai addu'a ta ko'ina, har kunya takan kama shi.

Da damina ta yi tsakiya aka sake tayar da wasu ƙauyuka. Mutane suka kwararo gari, aka zuba su a wata makarantar firamare da ke bayan unguwar. Itacen girki ya yi wuya, don masu kawo shi ma sun daina shiga daji. Aka wayi gari benci ɗaya ya ɓace. Bayan 'yan kwanaki wani ya bi shi. Aka zargi samarin unguwa, suka rantse ba su ba ne.

Ran wata Laraba aka yi ruwa da rana. Da ya ɗauke, Malam Nababa ya fito sallar la'asar, bai san an ɓalle katako biyu daga tsakiyar gadar ba. Ya jefa ƙafa inda ya saba, ya rufta. Da aka ciro shi ƙashin ƙugunsa ya karye. Mai ɗori ya yi iya yinsa, amma tsohon bai sake miƙewa ba.

Washegari Abarshi ya bi hayaƙi har cikin makarantar, zuciyarsa na tafasa. A bayan wani aji ya ga koren fentin nan yana ci a murhu. Wata mata ce durƙushe tana fifita wutar, yara kewaye da ita, ga wata tsohuwa kwance a tabarma. Sunan mai fifita wutar Bushira.

"Baiwar Allah, ina kika samo wannan itacen?"

Ba ta yi gardama ba. "A bakin kwari, Malam. Na san na mutane ne. Shekaranjiya ɗanyen gari muka jiƙa muka sha, surukata kuwa ba ta iya haɗiye shi. In duka ne ka dake ni, amma ka bari tukunyar ta nuna."

Ya buɗe baki zai gaya mata abin da ya sami Malam Nababa, ya dubi tsohuwar da ke kwance, ya kasa. Ya juya ya koma bakin kwarin, ya kwance sauran gadar da hannunsa, don kada wani ya sake ruftawa. Katakon ya sa aka kai makarantar.

Da ya je dubiya, Malam Nababa ya tambaye shi wa ya cire katakon. Abarshi ya faɗa masa komai. Tsohon ya juya fuskarsa bango.

"Na sani, masifa ɗaya ta koro mu da ita," ya ce. "Amma ni dai ƙafata ta tafi, Abarshi."

Kafin a yanke dawa Malam Nababa ya rasu.

Abarshi ya rataye zartonsa. Ya nemi magina suka nuna masa kwaɓin ƙasa, ya gina dakali a duk inda benci ya taɓa zama, tunda ƙasa ba ta ci a murhu. Ruwa yana zaizaye su, shi kuma yana bi yana yaɓewa. Gada kuwa sai da siminti da rodi, kuma mutanen unguwa sun kai kuka inda ya kamata, an ce su jira. Tsofaffin da ke ɓangaren gidajen yanzu a bakin lungu suke shimfiɗa tabarma, su bi limamin ta lasifika daga tsallaken kwari.