Buhunan Wake a Ɗakin Suruka

A Bazaga, idan kaka ta yi, gari yakan ɗauki ƙanshin harawa. Ana jibge ta a kan rumfuna da rassan itatuwa, awaki na tsaye a ƙasa sun ɗaga kai kamar masu roƙon ruwa. Wake kuwa sai ya yi arha har ya ba mutum tausayi, kowa na son rabuwa da shi kafin ƙwari su riga shi. Idan bazara ta gasa ƙasa, waken nan da aka raina shi ake nema ido rufe.

Hashimu manomi ne mai amalanken jaki, kuma a kan amalanken ya yi karatun kasuwanci. Jakinsa ke kai waken mutane kasuwar Konni da arha, jakinsa ke komo da shi da tsada. Shekaru yana kallon kunnuwan jaki yana juya maganar, har ya yanke shawara: zai saya da kaka, ya ajiye, ya sayar dab da shuka.

Shirin ba shi da aibi. Aibin yana ga hannuwan mai shi. Hashimu ba ya iya ganin abu a rufe. Tun yana ƙarami yakan tone irin da ya shuka ya ga ko ya fara tsiro. Ya taɓa kwance rediyon mahaifinsa don ya ga inda maganar take kwana. Matarsa Kubra ta daɗe da sanin cewa idan ta juya baya, murfin tukunyarta zai yi ƙara.

A shekarar farko ya sayar da bunsurunsa da akuya, ya sayi wake, ya kuma sayi buhunan da malamin gona ya nuna musu, masu leda biyu a ciki. Ana ɗaure kowace leda tam, sannan a ɗaure buhun. Iska ta ƙare, ƙwari su mutu, ba a sa ko ɗigon magani. Sharaɗin guda ne: kada a buɗe sai ranar sayarwa.

Hashimu ya jera su a ɗakinsa, ya yi haƙuri iya haƙurinsa, wato har Juma'a ta zagayo. Ya kwance ɗaya don ya duba kawai. Wake lafiya lau. Ya ji daɗi ƙwarai, har ya kwance na kusa da shi don kada ya yi son kai. Sai ga Labo, taubashinsa, mutumin da hancinsa ke jin buɗaɗɗen buhu daga bayan gari. Labo ya tafi da tiya guda, maƙwabta suka gani, kuma wa zai hana maƙwabci abin da ya ba taubashi? Da bazara ta zo, abin da ya rage wake ne mai tagogi. Idan ka ɗebo, gari ya zubo, ƙwari su watse a tafin hannu.

«Wanga ba sai an kai inji ba,» in ji Labo. «Ka samu ma'aikata na banza, sun niƙe maka.»

Da kaka ta sake zagayowa, abin da ya rage wa gidan tumakin Kubra ne, na kiwonta. Ta yarda a sayar da su a sake gwadawa, amma ta san idan wannan ya lalace, babu sauran dabba a turke.

«Malam,» ta ce, «waken bana ba ya kwana gidan ga.»

«Ina za shi kwana?»

«Ɗakin Inna.»

Hashimu ya dafe kai. Inna Delu, mahaifiyar Kubra, tana zaune a ɗaya gefen garin. Tun da ya auri ɗiyarta bai taɓa wuce zaurenta ba, bai taɓa cin ko gyaɗa a gabanta ba, bai taɓa kiran sunanta ba. Idan ya hango ta a hanya, yakan cire takalmi ya durƙusa, ko ya tuna yana da aiki a wani lungu. Ɗakin kwananta kuwa, Makka ta fi masa kusa.

Shi ya kai buhunan har ƙofar gida. Ƙannen Kubra suka shiga da su, suka ɗora bisa itace a bayan gadon tsohuwa.

Rani ya yi wa Hashimu tsawo. Aka lura hanyarsa ta zuwa masallaci ta sake, ta koma bi ta bayan katangar Inna, inda yakan tsaya gyaran takalmin da bai tsinke ba. Labo ya rantse ya gan shi ya manna kunne a bango yana sauraron ko wake na numfashi.

Shi ma Labo ya gwada sa'arsa. Da aka yi masa haihuwa, ya je neman wake wajen Inna da dogon bayani. Ta yi masa barka, ta sa wa jariri albarka, ta ce ai ba komai, mai wake ya shigo ɗaki da kansa ya nuna buhun da za a kwance. Labo ya komo hannu sake, ya ce wa Hashimu: «Kai dai ka kai dukiyarka inda ko jandarma ba su shiga.»

Sai labari ya zo daga wani ƙauye cewa ɓeraye sun huda buhunan wani mutum, iska ta shiga, duk ya yi asara. Wannan karon damuwar Hashimu ta gaske ce. Huda guda ta isa ta cinye tumakin Kubra. Ya aiki Kubra ta duba, ta dawo ta ce lafiya. Zuciyarsa ta ce ido na wani ba nasa ba ne. Bayan la'asar ya sa babbar riga, ya sa Kubra a gaba, suka tafi.

Ya durƙusa a bakin zaure, idonsa a ƙasa. Inna na cikin gida a bayan zana, tana tsince zogale. Ya gaishe ta da wuni, da gajiya, da zafi, da ƙafarta mai ciwo. Ta amsa. Ya gaida awaki. Ta amsa. Ya tambayi lafiyar kaji. Da kaji suka ƙare, ya sake komawa kan ƙafa.

Inna ba ta dube shi ba, don ita ma tana da tata kunyar. Ta juya ga ɗiyarta.

«Kubra, ɗan nan yau gaisuwa tai yawa. Ko akwai wanda bai gaisar ba cikin gidan ga?»

«Inna, wai ɓera yaka tsoro.»

«Ɓera?» Ta nuna kyanwar da ke kwance a ƙofar ɗaki. «Ki ce mai tun da baƙin nan sunka zo, wagga ba ta kwana waje ba. Kullum da sahe ni kan shafa su ɗaya-ɗaya, kamar jikoki. Barci su kai. In shina son ya tashe su, ga ɗaki nan, ba a kulle ba.»

Labulen ɗakin yana motsi a iska, taku kaɗan daga inda yake. Hashimu ya dube shi sau ɗaya. Yatsunsa suka yi ta murza bakin riga. Sannan ya ce Allah ya ƙara girma, ya ɗauki takalmansa, ya fita da baya.

Da gajimare suka fara taruwa a gabas, iska ta fara kawo ƙanshin ruwan da ya sauka a wata ƙasa, aka fito da buhunan ƙofar gida. Rabin unguwa ta taru, Labo a sahun gaba, ya tanadi dariyarsa. Hashimu ya kwance ɗaurin farko, da na biyu, da na uku, ya nutsa hannu har gwiwa. Wake ya zubo fari tas, yana ƙara kamar tsakuwar rafi. Manoma suka saya don iri. Masu ƙosai na Konni suka aiko a kai musu. Kafin ruwa ya zauna, tumaki sun komo turken Kubra, har da ƙari.

Daga nan abin ya yi ta girma a hankali. Hashimu ya ware buhu guda a gida, a buɗe, na dangi da maƙwabta da Labo. Ya koyi shanya wake ya bushe sarai kafin ɗauri, ya koyi raba fari da ja. Masu ƙosai suka riƙa yi masa magana tun kaka. Buhuna suka yi yawa har Inna ta ce ta rasa inda za ta shimfiɗa buzun salla.

Bara ya gina shago na bulo a bakin hanya, da ƙofar ƙarfe da ƙaton kwaɗo. Ya cika shi, ya kulle, ya sa mabuɗi a aljihu, ya yi ta yawo da shi yana taɓawa. Kwana kaɗan bayan haka, da hantsi, Kubra ta same shi tsaye a ƙofar shagon, mabuɗi a cikin kwaɗo, gumi na tsattsafo masa. Ya zare shi a hankali, ya miƙa mata.

«Ki kai ma Inna.»

Inna ta ƙulle shi a bakin zanenta, ta ce a gaya wa ɗan nan ya zo ya karɓa da kansa duk ranar da ya so.