Muryata a Bakin Yaya

Mu biyu ne maza a gidanmu, ni da Yaya. Ni tela ne a Ƙanƙara, shi manomi ne a Sabuwa, yakan kuma taɓa cinikin shanu a kasuwar 'Yankara. Ba mu yi kama a fuska ba, amma muryarmu ɗaya ce. Mahaifiyarmu kanta, in ta ji sallama daga zaure, sai ta tambaya wane ne a cikinmu.

Da kaka ciwon ya same shi, yana gona ana yankan dawa. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Hankalinsa yana nan garau, yana jin duk abin da aka ce, sai dai in ya buɗe baki ba abin da ke fita sai wani sauti mai tsawo wanda shi kansa yake jin kunyarsa.

Babbar ɗiyarsa ma'aikaciyar jinya ce, tana aure kusa da gidansa. Ita ta kawo wata waya mai faɗi kamar allo, fuskarta a rarrabe gida-gida, kowane gida da hotonsa. In aka danna hoton kofi sai wayar ta ce ruwa. Amma da Turanci take faɗa, kuma da muryar mace. Yaya ya saurara sau ɗaya, ya kife ta a kan tabarma.

"Baba, ana iya sa mata muryar mutum," in ji ɗiyar, ranar da ta kira ni a waya. "Ka zo mu ɗauki taka. Ai ba mai ganewa."

Hanyar ba ta da daɗin bi a shekarun nan, sai ka tambayi direbobi a tasha kafin ka shiga mota. Na je. Ni ba na son aikin da aka yi shi a hargitse, don haka na ce a fara da gaisuwa, sannan buƙatun jiki, sannan addu'a. Tunda shi ne babba, kuma shi ne majiyyaci, shi za a riƙa gaisarwa. Sai muka ɗauki amsoshi: lafiya lau, ba gajiya, da sauƙi, da godiya, madalla. Muka ɗauki ruwa, abinci, alwala, a juya ni. Muka rufe da Alhamdulillahi da amin. Ba wanda ya ga gyara a cikin wannan tsari, har Yaya da yake zaune yana kallonmu.

Daga nan kowace Juma'a bayan masallaci nakan kira shi, irin kiran da ake ganin juna. Ɗiyar takan jingine tata wayar a jikin kwano don in gan shi, allon nasa kuma yana kan cinyarsa.

"Yaya, ina wuni?"

Yatsansa na hagu ya yi tafiyarsa a hankali. "Lafiya lau."

"Ina gajiya?"

"Ba gajiya."

"Ya jiki?"

"Da sauƙi."

Da farko abin yana mini nauyi. Ina zaune a shago ni kaɗai, in tambaya, in ji kaina daga Sabuwa ina amsawa, bakin Yaya a rufe. Daga baya na saba. Shi ma ya gano dabarunsa. In na ja labarin tsadar yadi da yawa sai ya danna abinci, ya sake dannawa.

"Baba, cewa yake ka cika shi da surutu," ɗiyar takan ce tana dariya.

"Ki gaya mashi tun muna yara ba ya ƙoshi."

Ya danna madalla.

Da bazara matata ta rasu bayan gajeriyar jinya. 'Ya'yanmu duk mata ne, kowace tana ɗakinta. Danginta suka zo daga Faskari, aka yi zaman makoki, aka naɗe tabarmi, aka watse. Na koma ina cin abincin da maƙwabta suka aiko, in wanke kwanon da kaina in mayar. Mutane da yawa sun yi mini ta'aziyya, na kuma amsa wa kowa yadda ya kamata. Amma Yaya ne ya karɓa mini aurenta a ƙofar gidan mahaifinta, tasa nake jira, kuma jikinsa ba zai ɗauki mota ba.

Juma'ar da ta biyo na kira. Na ce ina wuni, bai amsa ba. Na sake, har da ɗan ɗaga murya. Yatsansa yana bin gidajen allon ɗaya bayan ɗaya, ya kai ƙarshe, ya dawo farko. Ya danna da sauƙi, ya girgiza kai. Ya danna Alhamdulillahi, ya sake girgiza kai, gumi ya tsattsafo masa a goshi.

"Baba, ta'aziyya yake so ya yi maka," in ji ɗiyar a hankali. "Ba mu sa ba. Bari in faɗa a madadinshi."

Yaya ya ɗaga hannu ya tsayar da ita. Na gane dalili. Wanda yake nesa ne yake aiko a yi ta'aziyya da sunansa, shi kuwa ga shi yana kallona.

Muka yi shawara da ɗiyar in ɗauki ta'aziyyar da muryata a wayata in tura mata ta sa a allon. Washegari da rana na rufe ƙofar shago, na zauna a bakin keke. Na ce ya haƙuri, Allah ya jiƙanta. A kan jiƙanta murya ta karye mini. Na goge. Na yi ta maimaitawa har ta fita sarai, ba rawa ba tsayawa, sannan na tura.

Da Juma'a ta zagayo ban fara gaisuwa ba, na bar masa. Ya gyara zama, ya nemi sabon gidan, ya danna.

"Ya haƙuri? Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta. Allah ya ba ka dangana."

Ta fito a bushe, kamar ta mutumin da ya tsaya a ƙofar shago ya yi ta'aziyya kafin ya tambayi ɗinkinsa. Na buɗe baki zan ce amin, sai na ga Yaya ya ture allon gefe ya kau da kai.

"Mi ya faru kuma?" na ce.

Ɗiyar ta dube shi ta daɗe. "Ina jin ba haka zai faɗe ta ba, Baba. Ba ka da wata?"

"Na goge."

Ina jin akuya tana kuka a tsakar gidansu. Yaya ya juyo, ya nuna ni da yatsa, ya nuna bakinsa, ya sake nuna ni.

So yake in faɗe ta yanzu da bakina, a matsayin nasa. Ba haka ake yi ba. Mai ta'aziyya ne yake addu'a, wanda aka yi wa rasuwa ya ce amin. Na ajiye almakashin da ke hannuna.

"Ya haƙuri," na ce. "Allah ya jiƙanta."

A nan murya ta sake karyewa, ban kuma iya ƙarasa sauran ba. Yaya ya gyaɗa kai. Ya jawo allon da hannun hagu, ya jira har na share fuska, sannan ya danna amin.