Minti Tara na Dangora

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha ɗaya ga Maris, 1958, Allah Ya karɓi ran Malam Shitu Bebeji, wanda ya yi shekara ashirin yana horar da malaman elementare. Labarin bai iso ni nan Makurɗi ba sai bayan sadakar bakwai, cikin wasiƙar Ladan, abokin karatuna. Ya ce da ciwo ya yi tsanani, Malam, ka sa matarka Zuwaira ta aika wa duk wanda ka koyar, a yafe maka, kuma sunana ka fara kira. Amsa ake jira, ga ta.

Malam, ban ƙaunace ka ba, kuma ba zan fara yau don ƙasa ta rufe ka ba.

Ka tuna Dangora, shekarar da ka kai mu gwajin koyarwa? Ina gaban allo, kana bayan aji da agogonka a tafin hannu. Ranar kasuwa ce. Sai ga Baffa Ubale, yayan mahaifina wanda ya rene ni, ya tako tun daga Badafi da damin rake a ka, don ya ga ɗansa ya zama malam. Ya yi sallama a bakin ƙofa. Na ajiye alli, na tuɓe takalmi, na durƙusa. Yara talatin suka ga malaminsu a ƙasa, su ma suka zube. Muka gaisa yadda ake gaisawa: gida, gona, gajiyar hanya.

Ka bari sai da muka gama, sannan ka ɗaga agogon.

"Minti tara, Surajo." Ka juya wajensa. "Dattijo, nan aji ne, ba zaure ba."

Baffa ya ce, "Allah Ya ba ka haƙuri, Malam, ban san ƙa'ida ba." Ya ɗauki rakensa ya juya. Tsoho mai furfura, a gaban jikokin sa'o'insa.

A takardata ka rubuta cewa na iya koyarwa, amma kada a ajiye ni inda nake da dangi. Layi ɗaya. Shi ya kai ni Doguwa, daga can aka ba da ni aro zuwa bakin wannan kogi na Makurɗi, inda nake shekara ta shida. Baffa ya rasu bara waccan. A wasiƙa na ji, kamar yadda na ji naka.

Ba zan ci haƙƙinka ba. Da kurkunu ya kwantar da ni a Doguwa, kai ka ratso dajin Falgore a kan keke da damina, ka riƙe mini aji kwana goma sha biyu, ba ka gaya wa kowa ba. Kai ka koya mini in san sunan kowane yaro kafin in buɗe littafi. Na kuma ga malaman da aka bari a garuruwansu, iyaye na shiga aji su janye 'ya'yansu zuwa gona, malam ya kasa ɗaga ido don kawunsa ne. Ka san abin da kake tsoro. Amma da ka ja ni gefe bayan an tashi, da na ji. Ba sai ka tozarta tsoho ba.

Ladan, ka gaya wa Inna Zuwaira: zaman nesa, da takardar, da shekaru shidan nan, duk na yafe, duniya da lahira. Haƙƙin Baffa kuwa ba nawa ba ne, balle in bayar. Yanzu kuna wuri ɗaya, Malam, kuma can babu agogo. Ka tsaya ka gaishe shi yadda ya kamata.

Allah Ya jiƙanka, Ya sassauta maka tambaya, Ya auna ka da kwana goma sha biyun nan. Ya ba iyalinka da mutanen Bebeji haƙuri. Mu kuma Ya mai da mu gida kafin tamu ta zo.

Surajo Badafi, Makurɗi.